Ranar da na sa aka buɗe famfuna a bakin titin Isa

Jama'a, kafin wani ya riga ni kawo muku labarin da ƙarin gishiri, bari in faɗa da bakina: wawan wannan tafiya ni ne. Ni ɗin nan da na gama ajin yaƙi da jahilci har aka tafa mini.

Mun tashi da asuba daga Burkusuma a kan babur, wani maƙwabcina yana tuƙi, ni ina baya ina ba shi umarni. Abin da ya fitar da ni shi ne ɗan ƙanwata da ke zaune a Isa. Fari ya ƙi sakin ƙasar nan, shanunsa suna ta faɗuwa, sai ya sayar da sauran tun suna iya tsayuwa da ƙafafunsu. Ya haƙa rijiyar burtsatse a filinsa na bakin titi, daf da mashigar kasuwa, ya ja bango, ya jera famfuna don ya riƙa sayar da ruwa. Duk abin da ya mallaka yana cikin ramin nan. Sai ma'aikatan tsara gari suka ce ba zai buɗe ba sai ya rushe bangon gaba ya ja baya, ya bar fili inda 'yan garuwa da amalanke da jakuna za su tsaya, ba a kan titi ba. Uwarsa ta zo mini da kuka. Na ce ta share hawaye, za ni je in yi musu magana irin ta ofis.

Hanya babu daɗin kallo. Karan geron bara yana nan tsaye a gonaki, ko gwiwa bai kai ba, ba wanda ya damu ya sare shi. Garke bayan garke muke wucewa, duk sun fuskanci kudu, haƙarƙari a waje. Gulbi ya zama rairayi, mata sun tona shi suna jiran abin da zai tsatso. Ni dai ƙafata sai kaɗawa take, ina ce wa maƙwabcina ya ƙara wuta, shi yana ce mini babur ɗin ma ƙishi yake ji.

A tashar Sabon Birni muka ajiye babur don mu ƙarasa a mota, muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kamar shi ma farin ya taɓa shi. Na tambayi kuɗin tiyar gero, da mai awo ya faɗa sai na ce masa ba gonar nake tayawa ba. Motar Isa ta ƙi cika. Na zauna, na tashi, na zagaya ta, na koma na zauna, har direba ya ce, "Baba, in tsugunno kaka ji, ga bayan tasha can."

Mun shiga Isa da hantsi, ranar kasuwa. Ginin yaron ya burge ni: bango sumul, famfuna suna ƙyalli. Na ce wannan ne za a rushe? Na gyara hula na nufi ofis.

Jami'in matashi ne siriri, ya ba ni kujera, ya gaishe ni har ƙasa. Na yi masa jawabi mai tsawo, har na jefa kalmomin Turanci da nake ajiyewa don irin wannan rana. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baba, titin nan ɗaya ne. Shi babbar mota ke bi, shi mai naƙuda ke bi zuwa asibiti. Wanda ya gina abin da zai tara jama'a, shi zai tanadar musu wurin tsayuwa. Haka doka take a birane, haka take nan."

Na ce, "Yaro, takarda kake gani, ni ƙasa nake gani. Taho bayan azahar in gwada maka titin ya ishi kowa."

Ya zo kuwa. Na riga na jera 'yan garuwa a jikin bango kamar sahun sallah, kowa da kurarsa, jakuna a gefe. Mota ta wuce, wata ta wuce. Na dube shi ina murmushi. Da na tsaya nan, da wataƙila na tsira da mutuncina. Amma sai na ce a tayar da janareta, a buɗe famfunan duka, hukuma ta ga albarka da idonta.

Ɗan ƙanwata ya matso ya ce, "Kawu, akwai garke tafe."

Na ce, "To mi? Su wuce."

Ni manomi ne, ban taɓa kiwon abin da ya fi akuya ba. Ashe saniyar da ta kwana tana tafiya da ƙishi tana jin ƙanshin ruwa daga nesa, kuma in ta ji, sanda ba ta juya ta. Makiyayin ya yi ta ihu, "Kashe ruwa! Kashe ruwa!" Ina! Ƙahoni kawai na gani sun cika titi. Sahuna ya watse, jarkoki suna birgima, jakuna suna harbi. Matan unguwa suka ji an saki ruwa, suka fito da bokitai. Motar albasa ta tsaya a tsakiya, babura suka cushe a bayanta, kowa yana hon. Ban san lokacin da na hau amalanke ba, da tsufana da babbar rigata.

Daga can sama na hango wata ƙaramar mota, an kwantar da wani tsoho a baya, ɗansa ya fito yana roƙon a ba su hanya. Babu hanyar bayarwa. Sai da aka sauko da shi aka goya shi ta lungu. Wannan bai ba ni dariya ba, har yanzu ma bai ba ni ba.

Titi bai buɗe ba sai bayan la'asar. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya ce bango zai ja baya kamar yadda aka faɗa tun farko. Ya ƙara da cewa tunda yau an nuna masa abin da bai yi tunani ba, sai an gina kwamin shayar da dabbobi a bayan fili, da hanyar shiga ta lungu. Nan ne kuwa yaron ya so ya yi ɗakinsa. Ya ɗauko guduma ya fara cire bulon da ya jera da hannunsa, a hankali, don kada su fashe.

Washegari muka kamo hanyar gida, ban ba kowa umarni ba. Da muka iso na sami ƙanwata a tsakar gida tana surfe. Labari ya riga ni, amma na gyara murya na ce tafiya ta koya mini ilimi: in za ka gina abin da ke kiran mutane, fara auna inda za su tsaya, su da dabbobinsu, kafin ka auna ribarka. Ina cikin bayani ta jingine taɓarya ta dube ni.

"Yaya, ni tambaya ɗaya gare ni. Can da kat tafi, wa ka wakilta, ɗana ko hukuma?"