Allon da Aka Cire Daga Akwatin Ƙwaina

Shekarun baya, lokacin da ake ta maganar Shari'a a rediyo kuma kananzir ya zama abin awo da murfin kwalba, wata cuta ta shigo mana Gwarzo ta share kajina kaf. Zabina ne kawai suka tsira. Damina ta sauka, suna ta zuba ƙwai a gindin dawa, ba kazar da za ta kwanta a kai. Zabuwa kuwa kowa ya san ba ta da haƙurin kwanci.

Jikata tana karatun lantarki a Kano. Da ta zo hutu ta haɗa min akwatin katako, fitila tana ɗumama shi daga ƙasa. A jikinsa ta maƙala wani ɗan allo kore da bai fi sabulun wanka ba, bayansa wata baƙar aba mai ƙafafu kamar shanshani, wadda ta ce ita ce ƙwaƙwalwar. Ita ke jin zafin akwatin ta gaya wa allon, batirin babur na ba su wuta.

Ta kunna, rubutun boko ya fito. Na ce, "Ke 'yar nan, wa zai karanta wannan? Zabin?"

Ta yi dariya ta ce allon yana karɓar zane, amma sai an jera masa ɗigo-ɗigo a cikin ɗan gida ƙarami. Muka baje wake a kan faifai muna jerawa kamar masu zanen hula. In zanen ƙwai ya fito a allon, lafiya ke nan. Harshen wuta, in rage lagwani. 'Yar fitila, in ƙara. Fitilar farko da ta zana kamar kuturun kwaɗo take, sai da na sa ta sake.

Na tsufa ban taɓa duban rubutu ya yi min magana ba, sai wannan.

To, ina da ɗa, baffan yarinyar, wanda a lokacin yake bin wani babban mutum yana neman a ba shi kansila. Ƙwai sun kusa ƙyanƙyashewa na tafi taron suna a garin Gammo, na bar wa maƙwabciyata amana bayan na koya mata zanen. Na dawo na tarar da rami a jikin akwatin, wayoyi na lilo.

Ashe ɗan nan nawa ne ya zo ya cire allon da ƙwaƙwalwar, ya hau mota har makarantar yarinyar, ya ce ni na aiko shi, a goge zanen a sa gaisuwa. Babban mutumin zai zo Kabo taro, yana so ya nuna masa cewa a gidanmu ma ana ƙera abin zamani. Yarinya ta ji an ce Inna ce ta ce, ta yi.

Maƙwabciyata ta yi iya yinta. Ta ji sanyin ruwan sama, ta ƙara lagwani, ba abin da zai ce mata ya isa. Da na sa hannu cikin akwatin na san an gama.

Ɗan nawa ya dawo da allon yana washe baki. Ya ce, "Inna, har tafi aka yi."

Na ce, "Me allon yake cewa yanzu?"

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

"Ƙwaina fa, me ya ce a kansu?"

Ya sosa ƙeya. "Aro na yi, Inna. Kuma na ga ai ke ba karatu kike yi ba."

Wannan kalmar ita ta tsaya min a wuya. Na ce masa tunda Shari'ar da suke ta yi wa kabbara ta zo, ɗaukar abin mutum ba da saninsa ba yana da suna, kuma gobe zan je gaban alƙali a faɗa min sunan. Gida ya rikice. Yayansa na roƙo, matarsa na kuka, har limamin unguwa ya aiko a ba ni haƙuri, wai uwa ba ta kai ɗa ƙara. Na haƙura da kotu. Amma na jira ranar da zaurensa ya cika da 'yan siyasa, na zuba ƙwan nan a kwano na rufe da faifai, na kai da kaina. Sun riga sun fara wari. Na ajiye a tsakiyarsu na ce, "Ga waɗanda aka yi wa barka da zuwa." Kafin in kai ƙofa zauren ya watse.

Kansilan ma bai samu ba. Ya saya min wasu zabin, na karɓa, na kuma yafe masa, don ɗana ne. Ƙwai ana sake samu. Abin da har yau yake sosa min rai shi ne yadda ya dubi abin da aka yi domina, ya yanke cewa ya fi ƙarfina.

Jikata ta zo idonta jawur ta mayar min da zanena. Ta ce a ƙasan allon akwai sauran layi, ko ta sa boko saboda mutanen gida? Na ce ta bar shi fayau.

Har zabin suka ƙare a hannuna, duk ranar da ya shigo gaishe ni sai ya tsuguna gaban akwatin ya ƙura ido, sannan ya ce, "Inna, me ya ce?" Wani lokacin in gaya masa, wani lokacin in ce ya karanta.