Sakiyar da Yaya Bitrus Ya Yi wa Karensa

Yau shekara talatin da rasuwar yayana Bitrus, malamin dabbobi, kuma har yanzu ban iya amsa tambayar da ya bar mini ba.

Ana gab da samun 'yancin kai, aikinsa yi wa shanu allura ne. Yana da wani tsohon kare, Gagare, wanda ciwon gaɓoɓi ya kama. Da safe sai ya daɗe yana yunƙuri kafin ya miƙe. Baturen ofishinsu ya duba shi a GRA, unguwar Turawa, ya ce abin da ya rage harsashi ne. Yaya ya ƙi. Ya ɗora karen a keke ya kai wa wani maharbi a ƙauyen Inkil, aka gasa ƙarfe aka yi masa sakiya a cinyoyi, kamar yadda makiyaya ke yi wa shanu. Yaya da kansa ya danne karen. Wannan mutum ne da ya sha hana makiyaya sakiya.

Gagare ya ƙara damina biyu yana ɗingishi. Wata rana ya bi Yaya har bakin titi, wata rana ko tuwo ba ya tashi ya ci. Yaya yakan zauna yana kallonsa, ya ce da ni, "Ƙanena, sauƙi na ba shi, ko ƙuna na ƙara masa?" Har ya tsufa bai daina wannan tambaya ba.

Yanzu jikarsa Rifkatu likitar dabbobi ce. Ta ce akwai allurar wata-wata ta ciwon gaɓoɓin kare, da ƙwayoyi, da rage ƙiba, har da sa kare iyo don ya motsa gaɓoɓi. Da Yaya na raye, ban san yadda zai karɓi wannan ba. Watakila ya yi murna. Watakila ya ji an tabbatar masa da laifi. Na kwashe shekaru ina karanta labarai a rediyo, na saba da rabe tabbas da zato, amma nan na kasa.

Na tambaye ta yadda suke gane magani ya yi aiki.

"Kaka, kare ba ya faɗa," in ji ta. "Kallonsa muke yi. In ya tashi ya tarbi mai gida, mu ce da sauƙi."

"To, sakiyar fa?"

"Ni ba zan yi ba. Amma ni ina da zaɓi."

Magunguna sun canja, hukuncin bai fito ba. Abin da ya saura mini na Yaya shi ne mutumin da ya hana a harbe karensa, kuma bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Allah ya ba shi hutawa.