Yatsa Biyu a Sarƙar Orval Stuckey

Orval Stuckey mutum ne da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya ba ka. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan sikelin rumbun masara na garinmu Tolliver, a jihar Nebraska, babu manomin da ya taɓa cewa ya ci masa ƙwaya ɗaya. In rabon gado kake so, nemi Orval. In kuwa abokin hira kake nema, gara ka zauna da turken lantarki.

Ran Asabar ni da shi ne 'yan sarƙa a filin ƙwallon kwalejin garin, ƙwallon Amurka da ake runguma a ruga da ita. Aikin ba wuya: sanda biyu, da sarƙa mai yadi goma a tsakaninsu. Sau huɗu ake ba ƙungiya ta kai ƙwallo daga sandar baya zuwa ta gaba, in ta kasa ta miƙa wa abokan karawa. Orval ke kafa ta baya daidai hancin ƙwallo, ni Dewey in ja ta gaba. Ladanmu kofi ne da burodi mai naman da ba a tambayar asalinsa.

A ƙananan kwalejojin yankinmu akwai abin da ake kira tafin gida. In 'yan gida ke da ƙwallo, mai sandar baya sai ya ɗan mayar da ita baya kamar faɗin tafi, tafiya ta ragu. Kowa ya sani, alƙalan wasa kuma su ɗaga kai suna duba hadari. Orval bai taɓa yi ba.

"Haba dattijo," nakan ce masa, "tafi ɗaya fa! Ko a lahira ba za a tambaye ka ba."

"Ja sandarka, sarkin surutu," in ji shi. Hirar ranar ke nan.

Kakar 1987 ce ta kashe mu. Tun watan Agusta hukumar kwaleji ta ce ɗalibai sun ragu, in ƙungiya ba ta ci ko wasa ɗaya ba a bana, an rufe ƙwallo ke nan har abada. Yaran kuwa, Allah Sarki, da a ce gudu da baya ake ba maki da mun ɗauko kofi. Aka lallasa mu sau tara a jere. A wasa na uku ma wani ƙato ya faɗo wajen fili ya tsinka mana sarƙa. Na tafi da ita gida, na ciro zobe daga sarƙar karena Biskit na haɗa, na dawo ina ta cika baki cewa aikina ya fi na maƙera.

Wasan ƙarshe ya faɗo a Nuwamba, ƙanƙara na zuba kamar ana tankaɗe. Abin mamaki, sai ga mu da maki sha uku, baƙi da sha bakwai, saura minti ɗaya, ƙwallo a hannunmu kusa da gidansu. Koci ya biyo ta bayan Orval yana magana ta gefen baki.

"Orval, don girman Allah, yau kaɗai."

Orval ya kafa sandarsa daidai hancin ƙwallo, ko waiwaye bai yi ba.

Yunƙuri uku suka tafi. A na huɗu wani yaro, Curtis, ya sa kai ya kutsa, aka taru aka danne shi. Ido ya kasa rabawa, alƙali ya yafito mu. Muka shiga fili da sarƙa don a auna, aka ja ta ta miƙe. Alƙali ya durƙusa, ya duba, ya miƙe ya ɗaga yatsa biyu sama. Abin da ya rage ke nan tsakanin ƙwallo da sandata.

Mutum dubu biyu suka juya suka kalli Orval. Tafi ɗaya da ya ba mu da ya wadatar har da canji.

Kafin Kirsimeti aka rufe ƙwallo. Aka shuka ciyawar shanu a filin. Asabar ta zama kamar Talata, gidan abincin da ke bakin kwaleji ya rufe, mai gidan mai ya kwashe iyalinsa ya koma Omaha. Duk wannan aka ɗora a wuyan mutum ɗaya. Manoma ba su fasa kawo masara sikelinsa ba, don sun san inda ba a cutarsu, amma su sauke su karɓi takarda su tafi ba sannu. A coci, bencin da yake zama da matarsa Lorene ya zama nasu su kaɗai. Wani ya rubuta YATSA BIYU da fenti a jikin motarsa, bai goge ba, haka ya riƙa yawo da ita har ta mutu.

Sunan nan kuwa ni na raɗa masa. A shagon aski na fara faɗa, aka yi dariya har wanzami ya yanki kunnen wani. Mai baki ba ya ganin dariya a ƙasa ya ƙyale ta. Na ci abinci da sunan shekara da shekaru.

Orval ya rasu a 1996, zuciya ce ta tsaya masa a kan kujerar sikeli. Mu goma sha ɗaya muka raka shi, har da masu haƙar kabari. Da aka watse, Lorene ta kira ni wajen mota ta miƙo mini wani buhu mai nauyi.

"Ya ce a ba ka."

Sarƙar ce. Ashe da kwaleji ta zubar da kayan wasa shi ya tsince ta. A tsakiyarta an ɗaure zobe ɗaya da jan zare. Na gane shi nan take, zoben Biskit ne, ya fi 'yan'uwansa tsawo ko makaho ya shafa.

"Ranar da ya kawo ta gida ya shimfiɗa ta a ƙasan kicin," in ji Lorene. "Sau uku yana aunawa. Yadi goma da yatsa biyu da ɗan ɗori."

Alƙalai kan gwada sarƙa kafin wasa, amma a kan layin farar ƙasa mai faɗin tafi, wa zai ga yatsa biyu? Curtis ya kai. Ni ne na ƙara masa tafiya.

"Uwargida, me ya hana shi faɗa?" na ce.

Ta gyara jakarta, ta kalle ni ba fushi, wanda ya fi fushin ciwo.

"Cewa ya yi, Dewey ba zai yi wata ɗaya a garin da ba a yi masa magana ba. Shi kuwa dama bai cika amsawa ba."

Sarƙar tana rataye a garejina. Na yi niyyar kai ta shagon aski ran Litinin ɗin da ta biyo baya, na sa ta a mota ma. Da na shiga sai na tarar ana dariya, wani ya ja mini kujera ya ce, "Dewey, ba mu labarin Yatsa Biyu." Na zauna. Na ba su.