Mai Gadin da Ya Wanke Rijiyar Kamfani

Irmiya mutumin Zonkwa ne, amma tun yana ɗan shekara sha tara ya zo Kano, ya samu aiki a wani kamfanin fata a Challawa. A can ya koyi hulɗa da asid: yadda ake sirka shi da ruwa, da inda mutum zai tsaya don kada iska ta kawo masa tururinsa. Wannan sanin ne ya sa wani ɗan kwangila ya ɗauke shi zuwa Kudu, wajen rijiyoyin mai.

Shekara sha uku ya yi a can. Rijiyoyin da ya yi wa aiki ba miƙaƙƙu ba ne. Sai an nutsa ƙasa sosai, sannan a lanƙwasa ramin ya kwanta ya bi cikin dutsen da man yake. In rijiya ta kwana biyu, ƙofofin dutsen sukan toshe, mai ya ja baya. Sai a kira su Irmiya, su zura dogon bututu har ƙuryar ramin, suna tura asid suna janyo bututun a hankali, don kada bakin rijiyar kaɗai ya sha. Asid ya cinye abin da ya toshe, mai ya dawo.

Wata rana tiyo ya fashe kusa da shi, ya shaƙi tururin. Tun daga nan tari ya kama shi, har aka sallame shi. Ya dawo Panshekara wajen matarsa Ladidi, ya samu gadi a wani kamfanin rini a Sharaɗa.

Bara sai rijiyar burtsatsen kamfanin ta fara ba da ruwa kamar zare. Rini kuwa ba ya yiwuwa babu ruwa, don haka aka fara tura ma'aikata gida rabin mako. Mai kamfanin, Alhaji Muhyiddeen, ya ce a haƙa sabuwa. Irmiya ya kwana uku yana juya maganar a ransa, sannan wata safiya yana buɗe masa ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, da za ku bari a wanke ta tukuna. Ruwan yana nan, hanya ce ta toshe."

"Kai ka san aikin rijiya, Irmiya?"

"Na taɓa yi, Alhaji. Ta mai."

Alhaji ya amince. Ranar Asabar Irmiya ya ɗaura takunkumi, ya sirka asid da hannunsa, aka zura. Bayan wasu awoyi ya sa aka yi ta zuƙo jan ruwan ana tarawa a tanki, har ya fito garau. Da aka kunna famfo, ruwa ya taho da ƙarfi. Ma'aikata suka ɗau ihu. Shi kuwa ya zauna kan bulo, yana tari har da hawaye.

Alhaji ya zo ya tsaya a kansa. "Akwai kamfanoni a Bompai masu irin wannan matsalar. In ka yarda zan sayo maka kayan aiki."

"Na gode, Alhaji. Ƙirjin ne ba zai ɗauka ba."

Irmiya ya kira injiniyan kamfanin, Usaini, ya faɗa masa yadda ake awon asid ɗin, Usaini yana rubutawa.

Da ya isa gida, Ladidi ta ji warin a rigarsa tun daga ƙofa. "Baban Salama, ba ka ce ka bar aikin nan ba?"

"Na bari," in ji shi.

Ta dafa masa citta. Rabin kofi ya sha, barci ya ɗauke shi a kan kujera, ko takalmi bai cire ba.