Kofin da Aka Rubuta wa Loretta

A tashar bas ta Nelson wani tsoho na zaune, furfurarsa ɗaure a ƙeya, rigar sanyinsa ta girmi motar da yake jira. Akwatinsa na gefe, ko kallonsa ba ya yi. Abin da ya rungume kofin takarda ne cike da ƙasa, da ɗan reshen wiwi da bai kai yatsa ba. A jikin kofin an rubuta "Loretta".

Maƙwabciyata Darlene, wadda bakinta ba ya hutu, ta leƙa. "Baba, wannan jaririn fa? Ko sauro ba zai bugu da shi ba!"

"Shekararsa talatin da ɗaya," in ji tsohon. "Matata Loretta ce ta shuka uwar. Duk shekara sai ta yanki reshe ta dasa, don haka shukar nan ce dai har yau. Gidan tsofaffin da zan koma kuwa sun ce ban da ita."

Bai ce matar ta rasu ba, amma zoben aure biyu ne a yatsansa, nasa da nata.

Bas ta iso, bai tashi ba. Yana bin mutane da kallo, ba fuska ba, hannuwa. Can idonsa ya sauka kan faratan Darlene, baƙaƙe ƙirin da ƙasar lambu.

"'Yar nan," ya ce, yana miƙa mata kofin da hannu biyu, "ba ta son ruwa da yawa. Surutu take so."

Darlene ta karɓi kofin, ita ma da hannu biyu.