Makaɗin da Ya Naɗe Hannu

Stuart Bagshaw bai taɓa son Adrian Lowe ba, tun ranar da ya fara ganinsa da kwalli a ido da gashi ya rufe masa rabin fuska. Stuart ɗan masana'antar ƙarfe ne a Sheffield, ubansa ma can ya tsufa. Da aka rufe ɓangarensu a 1980, ganguna kaɗai suka rage masa, don haka ya shiga ƙungiyar kiɗan Adrian, ɗan likitan haƙori, wadda suka sa wa suna Furen Gwangwani. Shekara biyu yana dukan fata a mashayu har tafinsa ya yi kanta, Adrian kuwa yana gaba yana lanƙwasa kamar taliya, 'yan mata na ihu.

Da wani kamfani a Landan ya ɗauke su, aka shiga naɗar faifai. Nan aka ajiye wani akwati mai maɓallai, injin da ke fitar da kiɗan ganga da kansa, kusa da gangunan Stuart.

"Wannan fa?" in ji shi.

"Ƙaninka ne," in ji Adrian yana murmushi. "Ba ya shan giya, ba ya saurin kiɗa in ya ga mace, kuma ba ya gumi."

"Uwarka ce ta haife shi?"

"Haba, Baggy, kwantar da hankalinka. A hoto ai kai za a gani."

Haka aka yi. Ko bugu ɗaya na Stuart bai shiga faifan ba. Waƙarsu ta faɗa jadawalin mako na waƙoƙin da suka fi kasuwa a ta talatin da takwas, ta haura ta sha tara, aka kira su gidan talabijin. Dokar wurin sananniya ce: faifai ake sakawa, mawaƙi ya motsa baki, makaɗi ya dinga taɓa robar da aka shimfiɗa kan ganguna don kada ƙara ta fita. Abin da ya fi ci wa Stuart rai shi ne duk 'yan unguwarsu ta Attercliffe za su kalla, su yaba masa kan kiɗan da ba nasa ba, alhali shi ya san ya fi akwatin nan sau goma.

Ya gaya wa kansa gaskiya zai tsaya wa. Amma gaskiya ba ta hana shi barci a baya ba, ai ya yi ta karɓar yabo a mashayar unguwa mako uku bai ce uffan ba. Abin da yake so shi ne ya ga fuskar Adrian ta zube a gaban mutum miliyan goma, kuma ko sau ɗaya kyamara ta bar ɗan likitan ta juyo kansa.

Ana tsakiyar amshi na biyu ya ajiye sanduna, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya ƙura wa kyamara ido fuska murtuk. Ganga ta ci gaba da tashi babu mai taɓa ta. Mai kyamara ya garzayo ya tsaya a kansa.

A ɗakin canza kaya Adrian ya shaƙe masa wuyan riga.

"Ka kashe mu, jakin masana'anta!"

"Sake ni, kwalli na zubo maka. Je ka kai ƙara wurin ƙanina."

Ranar Talata da rana aka karanto sabon jadawali a rediyo: waƙar ta yi tsalle zuwa ta huɗu. Jaridun kiɗa suka ce wannan hikima ce, wai ƙungiyar na yi wa zamanin inji ba'a. Adrian ya shaida wa 'yan jarida cewa shi ya tsara abin tun a makarantar zane. Yara a filin makaranta suka shiga naɗe hannu suna ɓata rai. Kamfani ya aiko da umarni: kada Stuart ya ƙara ɗaga sanda a gaban jama'a. Waƙar ta kai ta biyu, ta yi mako uku a can, shi kuwa yana zaune a bayan ganguna daga Hamburg zuwa Milan kamar gunki.

Waƙa ta gaba ta tsaya a ta talatin da ɗaya, wadda ta biyo ta ko cikin saba'in ɗin farko ba ta shiga ba. Adrian ya watsa ƙungiyar ta wayar tarho, ya koma tsara kiɗan tallan sabulu.

Stuart ya kwaso gangunansa ya nufi kulob ɗin ma'aikata na unguwar Darnall a Sheffield, inda ake neman makaɗin rawar tsofaffi ta ranar Asabar. Shugaban 'yan kiɗan, wani dattijo mai suna Norman Oxley, ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne yaron nan na talabijin, ko? Wanda bai iya ba?"

"Na iya, Baba Norman. Ba ni minti biyu kawai in haɗa su."

"Ɗana, duk ƙasar nan mun gani da idonmu. Mu nan da hannu muke kiɗa."

"Inji ne fa suka saka! Shi ya sa na—"

"To, da ka iya, me zai sa su sayi inji?"

Norman bai bar shi ya kwance ko igiyar jaka ɗaya ba. Stuart ya mayar da gangunan cikin mota. Watan da ya biyo ya nemi aikin tuƙin bas, kuma a takardar neman aikin, layin da aka tambayi sana'arsa ta baya, ya rubuta: ma'aikacin ƙarfe.