Yatsa Ɗaya, Akwati Talatin da Bakwai

Shekara ashirin da takwas Goggon Rataya ta yi a ɗakin sauya kaya na mata a wata masana'antar sabulu. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya da benci biyu, da maratayai jere a bango. Da safe mata kan shigo su tuɓe kayan gida, su sa rigar aiki da takalmin roba, su miƙa mata abin da suka tuɓe. Ba ta taɓa ba kowa lamba ba. Ta san mayafin kowace, ta san mai mance waya a aljihu, ta kuma san wadda za ta fita a guje don ɗauko yara daga makaranta, sai ta rataye nata kusa da ƙofa. Daga wannan aiki sunan ya bi ta, har 'ya'yan cikinta ma da shi suke kiranta.

Ba daɗin aikin ne ya zaunar da ita ba. Maigidanta tsohon direba ne, ɓarin jikinsa ya shanye shekara shida ke nan, asibitin masana'anta kuwa yana duba ma'aikaci da iyalinsa muddin yana bakin aiki. Wanda ya cika shekara talatin, ana ci gaba da duba shi da nasa har ƙarshen rai. Saura mata shekara biyu.

Wata Litinin ta iso ta tarar an cire maratayan. An jera akwatunan ƙarfe a madadinsu, kowanne da ɗan gilashi a ƙofarsa inda ake ɗora babban yatsa ya buɗe. Manaja, wanda bai girmi ɗanta na fari ba, ya yi mata bayani cikin ladabi. Injiniya zai koya mata yadda ake ɗaukar zanen yatsa, ita kuma ta ɗauki na matan duka. Idan kowa ya saba, nan da wata guda, ba sauran buƙatar mai tsaron kaya.

Ta ce, "To, Yallaɓai."

Ta koya, domin ba ta da nauyin kai. Sabbin ma'aikata suka ɗora yatsa, fitila ta yi kore, ƙofa ta buɗe. Da aka zo kan tsofaffin hannu sai abin ya cije. Doguwa, wadda ta shekara goma sha biyar a gaban tukunyar soda, ta ɗora sau biyar, sau biyar fitila tana yin ja.

"Goggo, wannan abu ba ya ƙaunata. Ko dai uwar mijina ce ta ƙera shi?"

"Kawo hannun in gani, sarkin surutu."

Goggo ta juya yatsan a hasken taga. Sumul yake kamar bayan cokali. Soda ta cinye zanen tun tuni, domin safar hannun da ake ba su ba ta kwana uku ba ta yage ba. Ta duba na sauran, ta iske mace talatin da bakwai haka suke. Ƙararrawar shiga aiki tana kaɗawa, mata suna tsaye da kaya a hannu, wata tana cewa ita fa ba za ta bar jakarta a ƙasa ba. Goggo, wadda hannunta bai taɓa shiga soda ba, ta ɗora nata yatsan a akwatin Doguwa, ta sa na'ura ta ɗauki zanensa. Fitila ta yi kore. Haka ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko don ta sallami mata ta yi. A rana ta biyu ta lura cewa ba wadda za ta iya fita sai da ita, ta kuwa ja bakinta ta yi shiru. Matan ma suka rufa mata asiri. Wata guda ya cika, Manaja ya leƙo ya ga layi a gabanta, ya ɗauka har yanzu koyo ake yi, ya ƙara mata wata. Aikin dai ya canja. Da can hannu biyu da ido da tunani take sa wa, yanzu bin ƙofofi take tana dangwalawa safe da yamma, har yatsan ya riƙa yi mata zugi. Doguwa takan ce, "Goggo, ki riƙa yanka albasa da hankali. Ranar da kika yanke yatsan nan, da rigar aiki za mu koma gida."

A wata na uku aka kira ta ofis. Manaja ya juyo mata fuskar kwamfuta, ko da yake ba abin da take ganewa a ciki.

"Goggo, na'ura ta nuna mutum ɗaya ke buɗe akwati talatin da bakwai, sau biyu a rana."

"Ba ta yi ƙarya ba, Yallaɓai."

Ta faɗa masa komai, har da batun sodar. Ya dubi nasa yatsun.

"Ai da kin sanar da ni tun farko."

"Da na sanar da kai, da ka gyara. Idan ka gyara, ni kuma ina zan kai mai jinyata?"

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce za a sauya gilasan da kati, mako biyu ya isa, kuma wannan ba a hannunsa yake ba. Sai ya buɗe wani fayil, ya ce akwai gurbi ɗaya da ba a cike ba: shara a farfajiyar lodi, awa takwas a tsaye, tsakanin manyan motoci.

"Ban so in yi miki tayinsa ba, Goggo, saboda shekarunki."

"Shekarun da na yi a nan, za su bi ni can?"

"Za su bi ki."

"Rubuta sunana."

Da la'asar ta isa gida. Ta gyara wa maigidan matashi, ta ba shi ruwa, sannan ta zauna a bakin gado tana murza gwiwoyinta. Ya tambaye ta da harshensa mai nauyi ko lafiya aka kira ta ofis, domin 'yarsu ta tsegunta masa.

"Lafiya lau. Waje aka mayar da ni, in riƙa shan iska."

Ya dube ta, ya dubi gwiwoyin. Shekara arba'in suna tare, ya san abin da ba ta faɗa ba.

"Shekara nawa?"

"Ɗaya da wata tara, Malam. Juya in shafa maka maganin."